Girki da Rana: Tarihin Murhun da Ake Saye da Wanda Ake Haɗawa a Gida

A shekarar 1767, a birnin Janeba da ke ƙasar Suwizalan ta yau, wani masanin kimiyya mai suna Horace de Saussure ya jera akwatunan gilashi biyar, ƙarami cikin babba, ya ɗora su kan baƙin tebur ya bar su a rana. So yake ya gane dalilin da ya sa wurin da gilashi ya rufe ke ɗaukar zafi fiye da fili. Da ya duba ma'aunin zafi a akwatin da ke can ciki, sai ya tarar ya kusa digiri 88, 'ya'yan itacen da ya saka kuma sun dahu. Daga baya ya sake fasali: akwatin katako, cikinsa baƙi, samansa gilashi hawa uku. Wannan ya kai kusan digiri 110, wato ya zarce zafin tafasar ruwa. Har kan dutsen Cramont ya hau da shi, inda iska ke da sanyi, ya ga zafin cikin akwatin bai bambanta da na ƙasa ba.

Duk murhun rana mai siffar akwati da ake gani yau, na kanti ne ko na gida, jikan wannan akwati ne. Aikinsa ba shi da wuyar ganewa ga duk wanda ya taɓa shiga motar da ta wuni a rana da gilasanta a rufe. Haske yana ratsa gilashi, baƙin ƙarfe da baƙar tukunya su shanye shi su mai da shi zafi, gilashin da bangon akwatin su hana zafin fita. Idan aka ƙara madubi a gefe, sai ya turo ƙarin haske ciki. Da tsakar rana, in sararin sama ya yi garau, kowane murabba'in mita na ƙasa yana karɓar kusan wat 1,000 na ƙarfin rana, shinkafa da wake kuwa ba sa bukatar fiye da zafin tafasar ruwa kafin su nuna.

Na farkon duk da hannu aka haɗa su, domin babu inda ake sayarwa. John Herschel, Baturen Ingila mai nazarin taurari, ya zauna a Kef ta Afirka ta Kudu daga 1834 zuwa 1838. A can ya sa ƙaramin akwatin katako cikin yashi, ya rufe da gilashi, zafinsa ya kai digiri 116, ya dafa ƙwai da nama da kayan lambu, 'yan kallo suka ci. A Bambai ta Indiya, wani ma'aikacin kotu mai suna William Adams ya kewaye tukunya da madubai takwas a shekarun 1870, ya dafa abincin sojoji bakwai cikin awa biyu a watan Janairu. Augustin Mouchot, malamin lissafi a Faransa, shi ya fi kowa nisa a wannan ƙarni. Gwamnatinsa ta tura shi Aljeriya a 1877 don ya gwada na'urorinsa a inda rana ta wadata, a baje-kolin Faris na 1878 kuma ya yi ƙanƙara da zafin rana, mutane suka riƙe baki. Sai kwal ya yi araha, gwamnati ta janye hannunta, Mouchot ya rasu cikin talauci a 1912.

Abin da ya sami Mouchot ya sake faruwa sau da yawa. Duk lokacin da makamashi ya yi tsada ake tunawa da murhun rana, da farashi ya sauka a jingine shi.

Maganar saye ta taso ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da gwamnatoci da gidauniyoyi suka ga cewa ƙarancin itace a ƙasashe masu zafi matsala ce da masana'anta za ta iya magancewa. A Amurka, Maria Telkes, 'yar asalin Hangare, ta sami tallafin Gidauniyar Ford a 1953, ta ƙera tanderu mai madubai a gefuna huɗu wanda ke gasa burodi da nama. A Indiya, babban ɗakin binciken kimiyya na ƙasa da ke Delhi ya fito da wani faranti mai zurfi na alminiyom, mai tattara haske a gindin tukunya. Jaridu suka yi ta yayata shi, aka ba wani kamfani ya buga shi da yawa, aka zuba a kasuwa. Bai karɓu ba. Matar ƙauyen da aka yi dominta ba ta da kuɗinsa, wadda ke da kuɗin kuma tana da kananzir. Ga shi dole mai girki ta tsaya cikin rana tsaka tana juya farantin, alhali gidan an saba cin babban abinci ne bayan faɗuwar rana.

A Meziko ma haka aka yi. Masana daga Jami'ar Wisconsin, da kuɗin Gidauniyar Rockefeller, sun raba irin waɗannan faranta a ƙauyukan jihohin Sonora da Coahuila da Oaxaca a ƙarshen shekarun 1950. Da fari mata sun yi ta amfani da su. Bayan 'yan watanni ƙyallin ya dushe, iska ta kifar da wasu, abin da ya karye babu mai gyara shi a kusa, aka koma ga itace. Ko da Majalisar Ɗinkin Duniya ta kira taro kan sababbin hanyoyin makamashi a Rum a 1961, an riga an san cewa murhun yana dafa abinci. Abin da ya gagara shi ne ya zauna a gidajen mutane.

A daidai wannan zamani ne ƙasar Hausa ta ba da nata gwani. Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, ya yi karatun kimiyyar fiziks a Faransa, ya ƙaro ilimin makamashin rana a Tarayyar Sobiyet, ya kafa ɗakin binciken makamashin rana a Bamako a 1964. Daga 1969 zuwa 1985 shi ne shugaban ONERSOL, hukumar makamashin rana ta Nijar, a Yamai. A ƙarƙashinsa hukumar ba ta tsaya kan rubuta takardu ba: ta riƙa ƙera tankunan ɗumama ruwa, da na'urorin tace ruwa, da murhunan girki, duk masu aiki da rana, da hannun ma'aikata 'yan ƙasa. Ra'ayinsa shi ne ƙasar da Allah ya hore wa rana irin wannan bai kamata ta jira a ƙero mata kayan cin moriyarta daga Turai ba. Ya rasu a 1991, jami'ar Yamai kuma sunansa take ɗauke da shi. A Nijeriya, Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta fara aiki a farkon shekarun 1980, ita ma ta ƙera murhunan rana da na'urorin busar da amfanin gona da ingantattun murhunan itace. Abin takaici, murhun rana bai fita daga harabar cibiyoyin nan ya shiga layin maƙera a kasuwa ba, yadda mai gida zai je ya taya kamar yadda yake taya kurfoti.

Juyin da ya dawo da murhun hannun talaka daga jihar Arizona ta Amurka ya zo. A shekarun 1970, wasu mata biyu maƙwabtan juna, Barbara Kerr da Sherry Cole, suka soma haɗa akwatin girki da kwali: ƙaramin kwali cikin babba, a cusa takarda a tsakaninsu, a lulluɓe ciki da takardar alminiyom mai ƙyalli, a ɗora gilashi. Mutane kan yi mamakin yadda kwali ba ya kamawa da wuta. Dalili shi ne takarda sai zafi ya haura digiri 200 take ci, akwatin kuwa tsakanin 120 da 150 yake tsayawa. Wani malamin nazarin ƙwayoyin cuta a Sacramento, Bob Metcalf, ya ɗauki akwatin nasu ya nuna cewa ruwan sha ba sai ya tafasa ba: in ya kai digiri 65 ya ɗan jima, ƙwayoyin da ke kawo gudawa da kwalara da taifot sun mutu. A 1987 su da abokan aikinsu suka kafa ƙungiyar da yanzu ake kira Solar Cookers International. A daidai lokacin kuma, a 1986, wani tsohon mai gidan abinci a Milwaukee, Tom Burns, ya fito da Sun Oven, akwatin masana'anta mai madubai huɗu da ake naɗewa, wanda ke kaiwa digiri 180 har ya wuce. Daga nan hanya ta rabu biyu sarai: ga na kwali da kowa zai iya yi da kuɗi kaɗan, ga na kanti mai ƙarko da zafi wanda kuɗinsa ya kai ɗaruruwan daloli.

Indiya ta sake gwada hanyar saye, wannan karon da akwati maimakon faranti. Daga farkon shekarun 1980 gwamnati ta riƙa biyan wani kaso na kuɗin akwatin alminiyom mai madubi ɗaya da ƙananan tukwane huɗu, aka sayar da dubban ɗaruruwa, musamman a jihohi irin su Gujarat. Akwatin ya dace da shinkafa da wake-waken da Indiyawa ke ci kullum. Amma yawancin masu sayen mutanen birni ne masu albashi, kuma da aka cire tallafin a 1994 ciniki ya ja baya.

Wanda ya fi kowanne sauƙi ya fito ne a 1994. Wani masani Bafaranshe, Roger Bernard, ya lura cewa ba lallai sai da akwati ba. Barbara Kerr da 'yan ƙungiyar Solar Cookers International suka gyara fasalinsa, suka sa masa suna CooKit. Kwali ne guda ɗaya mai fuskar alminiyom, a lanƙwasa shi ya tsaya kamar buɗaɗɗen littafi, a sa baƙar tukunya cikin leda mai jure zafi, a ɗaure bakin ledar, a ajiye a tsakiya. An fara kai shi sansanin 'yan gudun hijira na Kakuma a arewacin Kenya a 1995.

Inda ya yi suna sosai shi ne gabashin Chadi. Yaƙin Darfur da ya ɓarke a 2003 ya koro mutane fiye da 200,000 zuwa sansanoni a yankin da itace ya riga ya yi wa 'yan gari kansu ƙaranci. Abincin agaji ɗanye ake rabawa, sai an dafa. Mata da 'yan mata kan yi tafiyar awoyi neman itace, a can ake tare su, a doke su, a yi musu fyaɗe. A 2005 wani ɗan Holan, Derk Rijks na gidauniyar KoZon, ya kai CooKit sansanin Iridimi kusa da Iriba, daga baya ƙungiyar Tchad Solaire ta riƙe aikin da tallafin Jewish World Watch ta Amurka, ya bazu zuwa sansanonin Touloum da Oure Cassoni.

Abin lura a Iridimi shi ne ba a shigo da murhun a haɗe ba, ba a kuma ce kowace mace ta je ta haɗa nata ba. An buɗe ɗakin aiki cikin sansanin. Matan sansanin ne ke ɗora ma'auni kan kwali su zana, su yanka, su shafa gam, su shimfiɗa takardar alminiyom su goge ta da tsumma har ta kwanta ba tare da ta yamutse ba, su naɗe gefuna don kada su zare. Ana biyansu ladan aikinsu. Wasu matan kuma aikinsu koyarwa ne: su zauna da maƙwabta kwana da kwanaki, a shafa wa tukwane baƙin fenti, a dafa abin da aka saba ci, a ɗanɗana tare. Gida kan sami murhu biyu ko fiye, ɗaya na tuwo ɗaya na miya. An haɗa musu da kwandon da aka cusa wa tsummoki, wanda ake saka tukunya a ciki da la'asar ta riƙe zafinta har dare, da kuma murhun itace mai tsimi don safiya da ranakun hadari. Binciken da masu aikin suka gudanar a 2007 ya nuna fita neman itace ta ragu da kashi 86 cikin 100.

Kwali dai kwali ne. Cikin 'yan watanni rana da iska da gara sukan cinye shi, ledar kuma ta fi shi saurin mutuwa. Muddin ɗakin aikin yana buɗe, wannan ba komai ba ne, domin mace za ta kai tsohon ta karɓo sabo. Amma takardar alminiyom da ledar daga nesa ake kawo su da kuɗin masu ba da agaji, don haka duk inda tallafi ya yanke, girkin ma yakan tsaya.

Ƙasar da murhun rana ya zauna da gindinsa a gidaje ita ce Sin, a lardunan Gansu da Qinghai da yankin Tibet, inda aka baza fiye da miliyan ɗaya. Nasu ba shi da kyan gani: faranti ne na siminti ko na ƙarfe, an manna masa gutsattsarin madubi ko takarda mai ƙyalli, da ƙarfen ɗora buta a tsakiya. Ƙananan masana'antu na yankin ke yin sa, nauyinsa ya sa iska ba ta kayar da shi, in madubi ya fashe a manna wani. Sannan ya faɗo daidai kan bukatar mutanen: wuri ne mai tsayi, mai sanyi, mai rana, babu itace sai kashin dabbobi, kuma wuni ake yi ana dafa ruwan shayi. Buta ba ta bukatar a tsaya a kanta.

A nan ne mai karatu a Kano ko Maraɗi ko Damagaram ya kamata ya tsaya ya yi lissafi da tukunyar gidansa. Tuwo ba ya yiwuwa a akwati yadda aka saba yin sa. Sai an yi talge, an zuba gari, an sa muciya an tuƙa da ƙarfi, akwati kuwa duk buɗewa ɗaya zafinsa ke tserewa, ya ɗauki lokaci kafin ya dawo. Suyar ƙosai da wainar da ke son wuta mai ƙarfi su ma ba aikinsa ba ne. Mai son waɗannan sai faranti, irin SK14 da injiniyan Jamus Dieter Seifert ya tsara, mai faɗin mita 1.4, wanda ke ba da zafi kamar na risho. Shi kuma sai an riƙa juya shi kusan kowane minti 15 zuwa 20, ƙyallinsa yana cutar da ido, kuma in aka bar shi yana fuskantar rana babu tukunya zai iya tayar da gobara a zana ko danga. Gidan da ke da ƙananan yara sai an yi hattara.

Amma akwai abincin da akwati ya fi murhun itace iyawa. Wake, wanda ke cinye gawayi fiye da komai, a jiƙa shi da dare, a ɗora da hantsi, kafin azahar ya yi laushi ba tare da an ƙara ruwa ko an leƙa ba. Shinkafa, dankali, rogo, kabewa, dafaffen ƙwai, farfesun nama mai tauri, gyaɗar da za a gasa, ruwan wanka da na sha, duk suna yi, ba sa ƙonewa, ba sa kama gindin tukunya, babu hayaƙin da zai shiga idon uwar gida da ƙirjin goyonta. Lokacin girkin yakan ninka na wuta, ruwan da ake zubawa kuma bai kai na kullum ba tunda ba ya ƙafewa. Daga ƙarshen damina zuwa bazara rana tana wadata. Ranakun da hazo ya yi kauri a hunturu, da tsakiyar damina, dole a koma ga wuta.

To, a saya ko a haɗa? Abin da tarihin nan ya nuna shi ne na kantin da aka yo odarsa daga waje yana aiki sosai, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin gidan da ya fi bukatarsa, kuma ran da gilashinsa ya fashe ko robar bakinsa ta saki, babu mai sayar da madadinsu a kusa. Na kwali kuwa kusan kyauta ne, sai dai ruwan sama ɗaya ya ishe shi. Wuraren da abin ya ɗore, Gansu da Iridimi a shekarun da ɗakin aikinta ke buɗe, wurare ne da mai ƙerawa yake kusa da mai girki, yana jin kokenta yana gyarawa. Wannan ita ce hanyar da Abdou Moumouni ya nuna tun shekaru hamsin da suka wuce, kuma ƙasar Hausa ba ta rasa masu hannu ba. Kafintan da ke yin kabad zai iya yin akwati mai bango biyu, a cika tsakaninsu da ɓuntun shinkafa ko auduga ko ƙaiƙayi busasshe. Mai yankan gilashin taga zai yanka murfi hawa biyu da madubi. Maƙerin da ke buga akwatin ƙarfe zai lanƙwasa farantin ciki a shafa masa baƙi. Mai walda kuma zai iya mai da tsohon farantin satalayit murhu. Abu ɗaya da za a kiyaye: kada a sa soso ko roba a cikin akwatin, domin zafi na sa su fitar da tururi mai guba, kuma a bar sabon fenti ya gasu a rana kwana biyu kafin a ɗora abinci.

Shawara ga mai gidan da abin ya ba shi sha'awa ita ce kada ya fara da kashe kuɗi. Ya nemi kwali biyu, da takardar alminiyom, da gilashin taga, da kokon rogo ko ƙaro na mannawa, a haɗa a gwada wata guda, a ga ko tsakar gidan tana samun rana daga hantsi zuwa la'asar, a kuma ji ta bakin wadda za ta yi girkin, domin ita ce mai yanke hukunci. In ya karɓu, sai a ɗauki na kwalin a kai wa kafinta ya auna ya yi na katako. Cibiyoyin bincike na Sakkwato da Yamai kuma, da kwalejojin fasaha, lokaci ya yi da za su kira kafintoci da maƙera da ƙungiyoyin mata su miƙa musu zane da ma'auni kyauta, su bar farashi a hannun kasuwa.